Ɓarakar Cikin Ido, Ciwon da Ba Ya Zafi

(Jawabi ga ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci. A karanta shi da ƙarfi, don waɗanda ba su zo aji ba su ma su ji.)



Yau zancen ido za mu yi. Amma ba amodari ba, ba afolo ba. Waɗannan kun san su. Ido ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya yi kwantsa, kowa ya dube ka ya san ba ka da lafiya. Ciwon da zan yi muku bayani dabam yake. Ba ya zafi. Ba ya sa ido ja. Ba ya kawo hawaye. Matarka ta dubi idonka ta ce lafiya lau yake. Kai ma ka duba madubi ka ga haka. Alhali kuwa can ciki wani abu ya yage, kuma cikin ƴan kwanaki idon na iya mutuwa.

In an kama ciwon nan da wuri, gyaransa bai fi minti 20 ba, mutum ya koma gida ran nan. In an yi jinkiri, sai babban aiki, wani lokaci ma aikin ba ya maido da gani. Don haka ku saurara da kyau. Mu fara da yadda ido yake daga ciki, in ba haka ba sauran zancen ba zai shiga ba.

Ido kamar rumbu yake

Ku ɗauki ƙwayar ido kamar ɗan ƙaramin rumbun ƙasa. Faɗinta bai kai santimita 2 da rabi ba. Abin da muke gani daga waje gabanta ne kawai. A gaban akwai ƴar ƙofa, wato baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido. Ta nan haske ke shiga. Bayan ƙofar akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi, girmansa kamar ƙwayar wake. Shi ne ke yin fari in mutum ya tsufa, mu ce yana ta rufe masa ido.

Bayan ɗan gilashin, cikin rumbun cike yake da wani ruwa mai kauri, mai yauƙi, kamar farin ɗanyen ƙwai. Ruwan nan shi ya cika kashi 4 cikin 5 na ido.

Bangon rumbun kuma an yi masa yaɓe daga ciki. Yaɓen nan shi ne abin da za mu kira tantanin gani. Likitoci na ce masa retin da Faransanci. Ku riƙe kalmar, za ta yi muku amfani a asibiti. Siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Ku tuna da tantanin da ke cikin ɓawon ƙwai, kusan haka yake. Amma cikinsa akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi masu karɓar haske kusan miliyan 100. Duk abin da muka duba, hotonsa a kansu yake sauka, su kuma su aika da shi ta wata jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Tantanin nan a manne yake da bango, kuma daga bangon yake samun abincinsa. In ya rabu da bango sai ya fara mutuwa, kamar shukar da aka tuge daga ƙasa.

Ga abin da ke yaudarar mutane. Tantanin gani ba shi da jijiyar jin zafi. Shi bai san kome ba sai haske. In an ja shi, haske zai nuna maka. In an buge shi, haske zai nuna maka. Shi ya sa wanda ya sha mari mai kyau ke ganin tartsatsin wuta. Ko da tantanin ya yage, ba zai yi maka zafi ba ko kaɗan.

Yadda ɓaraka ke aukuwa

Mata, kun san kindirmo in ya kwana biyu. Sai ya tsinke, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda. To haka ruwan cikin ido ke yi in shekaru suka ja, galibi daga 50 zuwa sama. Yakan tsinke, ya tsuke, ya janye daga jikin tantani. Wannan ba cuta ba ne. Kamar furfura yake, yawancin tsofaffi sai ya same su, kuma ya wuce lafiya.

Amma ga wasu mutane, akwai wurin da ruwan ya liƙe da tantanin sosai. Yana janyewa sai ya fizgo wurin. Kun taɓa ɗaye takardar da aka liƙa da ƙaro? Wani wuri ta fita sumul, wani wuri ta yage. To wannan yagewa ita ce ɓarakar da muke magana. Ƴar ƙarama ce, sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ko ta dawa ba. Kuma can gefe take yi, ba a tsakiya ba. Saboda haka ran da ta auku mutum na gani sarai, yana ta harkarsa.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren ruwa ne. Ruwan da ya tsinke sai ya bi ta ɓarakar, ya shiga bayan tantani, ya fara ɗaga shi daga bango. Duk magidanci ya san wannan. Yaɓe ya ɗan tsage da rani, ka ce sai an kwana biyu ka gyara. Ruwan farko ya sauka, ya shiga ta tsagar, da safe ka tarar da yaɓen ya ɓamɓaro ya zube. A cikin ido sunan wannan ɗayewar tantani, kuma ita ke makantarwa.

Likitoci sun ƙidaya. Cikin mutum 10 da suka zo asibiti da sababbin alamun da zan faɗa muku yanzu, akan sami ɓaraka ga 1 ko 2. In an bar irin wannan ɓaraka ba gyara, daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi sukan kai ga ɗayewa. Wani cikin kwana ɗaya, wani cikin mako, wani sai bayan wata. Ba wanda zai iya ce maka naka na yaushe ne.

Alamun da ido ke bayarwa

Tun da ba zafi, da me mutum zai gane? Da abin da yake gani shi kaɗai, wanda na kusa da shi ba ya gani.

Na farko walƙiya. Ba hadari, ba gajimare, sai ka ga haske ya gilma ta gefen ido guda, fal, ya ɓace. Kamar an ƙyasta ashana a bayan kafaɗarka. An fi ganinta da dare ko cikin ɗaki mai duhu, musamman in ka juya ido ko kai da sauri. Ka waiga ba kowa. Wasu su ce gajiya ce, wasu su ce iskoki ne. Ba ko ɗaya. Ruwan nan ne ke jan tantani, shi kuma yana amsawa da haske.

Na biyu baƙaƙen abubuwa masu yawo a gaban ido. Nan sai mun yi hankali, don kada kowa ya firgita a banza. Kusan dukanmu in muka dubi farin bango ko sararin sama, mukan ga ɗan zare ko ɗan ɗigo yana shawagi. Ka juya ido ya bi ka, ka so ka dube shi ya gudu. In shekara da shekaru kana ganin ɗaya ko biyu, ba su ƙaru ba, ba kome. Abin tsoro shi ne sabo, wanda ya zo farat ɗaya. Jiya babu, yau ga shi. Wani ya ga kamar garken ƙudaje, har ya riƙa kai hannu yana kora. Wani ya ga saƙar gizo. Wani ya ga zobe. Wani kuma ya ga kamar an watsa masa garin gawayi, ko hayaƙi ya turnuƙe cikin ido. Wannan na ƙarshe ya fi muni. Sau da yawa jini ne. Ɓarakar ta bi ta kan wata ƴar jijiya ta tsinka ta, jinin ya zuba cikin ruwan ido. Daga waje ba za a ga ja ba, don can ciki yake.

Na uku inuwa. Sai ka ga wani gefe na ganinka ya yi duhu, kamar an fara sakin asabari a ƙofa. Daga sama, ko daga ƙasa, ko daga gefe. Ka ƙyafta ido ba ta tafi ba. Ka wanke fuska tana nan. Kullum tana ƙara matsowa tsakiya. In an kai nan, ba ɓaraka kaɗai ba ce, tantani ya fara ɗayewa.

Akwai wata yaudara game da inuwar nan da nake so ku sani. Wani lokaci mutum ya kwana, da safe ya ga ta ragu, ya ce alhamdu lillahi na samu sauƙi. Kwanciya ce ta sa tantanin ya ɗan koma wurinsa. Yana tashi ya kama aiki, kafin azahar inuwa ta dawo, har ta fi jiya. Kada safiya ta ruɗe ku.

A tsakiyar tantani akwai wani ɗan wuri da ya fi ko'ina daraja. Da shi kuke karanta jaridar nan. Da shi mace ke zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mutum daga nesa, da shi ake tsince tsakuwa cikin shinkafa. Duk gaggawar da ake yi, don a riga ruwa zuwa wurin nan ne. In an yi aiki tun bai ɗaye ba, galibi gani na tsira. In ya ɗaye ya kwana da yawa, ko an maida shi, karatu da ɗinki ba su cika komawa kamar da ba.

Akwai wani haske kuma mai kama da zanen zigizaga, yana rawa minti 15 zuwa 30 a ido biyu, daga baya ciwon kai na ɓari guda ya biyo. Wannan yawanci daga kai yake, ba daga tantani ba. Amma in karo na farko ne, bari lokotoro ya rarrabe.

Ku rufe ido guda

Allah ya ba mu ido biyu, kuma suna rufa wa juna asiri. In ɗaya ya fara lalacewa, ɗayan sai ya ɗauke masa aiki. Mutane da yawa ba su san idonsu ɗaya ya mutu ba sai ran da ƙura ta faɗa cikin mai lafiyar, suka runtse shi, sai duhu.

To mu gwada yanzu. Kowa ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu, ban da dannawa. Ku dubi allo da na dama. Kuna ganin kusurwa huɗu na allon? Akwai gefen da ya yi duhu? Layin da ke miƙe ya lanƙwashe? To ku sāke, ku rufe na dama. Wanda bai iya karatu ba ya dubi ƙofar ɗaki ko bakin katanga. Abin bai ci minti ɗaya ba. Ku riƙa yinsa ko sau ɗaya a mako, ran Juma'a misali, kuma ku koya wa tsofaffin gida.

Su wa ya fi kamawa?

Kowa na iya samunsa, amma ba ciwo ne mai yawa ba. Ɗayewar tantani takan sami kamar mutum 1 cikin 10.000 a shekara. Sai dai akwai waɗanda ya kamata su fi sa ido.

Akwai waɗanda suka haura shekara 50. Akwai masu gani kusa, waɗanda ba su ganin nesa sai da gilashi mai kauri. Su ƙwayar idonsu ta fi ta sauran mutane tsawo, tantanin ya miƙe ya yi siriri, kamar fatar da aka ja a bakin ganga. Su tun suna samari abin na iya samunsu. Akwai wanda ya taɓa yi a ido guda, sai ya kula da ɗayan. Akwai wanda uwa, ko uba, ko ɗan uwansa ya taɓa yi.

Sai waɗanda aka yi wa aikin yana a asibiti. Kada wani ya tashi daga nan ya ce na hana aikin yana. Aiki ne mai kyau, ya buɗe idon dubban tsofaffinmu, kuma mafi yawa ba su samun wata matsala. Abin da nake cewa, wanda aka yi wa, in ya ga walƙiya ko ƙudaje, ko bayan shekara nawa ne, ya koma da sauri.

Wanda nake hanawa shi ne aikin masu yawo ƙauye ƙauye da tsinke ko allura. Su ba cire yana suke yi ba. Soka ido suke yi, su tura ɗan gilashin da ya yi fari ya faɗa cikin ruwan ido. Ran nan tsoho ya ga haske, a yi murna, a ba da akuya. Mai aikin ya wuce gaba. Bayan wata ɗaya ko biyu idon ya kumbura, ko ya yi ruwa, ko tantani ya yage ya ɗaye. Lokacin nan ina za ka same shi?

Bugu ma na yaga tantani, kuma wannan ya fi samun yara da samari. Dutsen danƙon harbin tsuntsu. Ƙahon sa. Harbin jaki. Tsinken icce wajen faskare. Dambe da ƙwallo. Sai robar nan da ake ɗaure kaya a bayan babur, in ta kuɓuce ta dawo fuska. Ita kam ta ci idanu da yawa. In za ku ja ta, ku kau da fuska gefe. Kuma ina roƙon iyaye da malamai da mazaje, hannu ko bulala kada su je fuska. Fushin minti ɗaya ba ya biyan ido. Ɓarakar bugu takan yi shiru wata da watanni kafin ta nuna kanta. Saboda haka duk idon da ya sha bugu mai ƙarfi a kai shi a duba cikinsa, ko da kumburi ya saɓe.

Masu ciwon suga da masu emasi, wato amosanin jini, su ma jijiyoyin tantaninsu kan lalace su zub da jini. Su ko ba alama, ya kamata a duba musu cikin ido sau ɗaya a shekara.

Wani dattijo zai ce, ai karatun nan da kuka sa mu da tsufa shi ke kashe ido. A'a, baba. Karatu ba ya yaga tantani. Fitila ba ta yaga shi, salula ba ta yaga shi. Kuma ba a ɗaukarsa daga wani kamar afolo.

Me ya sa maganin ɗigawa ba ya yi?

Tsaga na cikin rumbu, kai kuma kana shafa laka a bakin ƙofa. Haka mai ɗiga magani yake. Kwalli, ruwan suga, nonon mace, ruwan albasa, ruwan ganye, ba wanda ke kaiwa bayan ido. Wasunsu ma sai su ƙone gaban idon, ciwo ya zama biyu. Man nan na shafawa da ake ba masu amodari, magani ne na gaskiya, amma na amodari ne. Ƴan kwalaben da masu talla ke yawo da su a kasuwa cikin rana, wasu in an daɗe ana ɗigawa suna hawar da ƙarfin ruwan ido su kashe jijiya. Ba ƙwaya, ba allura, ba gilashin da ke rufe ɓaraka.

A ganina babbar ɓarnar magungunan nan ita ce kwanakin da suke ci. A gwada wannan kwana uku, a gwada wancan mako guda, a jira ranar kasuwa, a jira a gama girbi. Kafin a kai asibiti ruwa ya gama aikinsa. Addu'a kuwa a yi ta, a kan hanya ma ana yin ta.

Yadda ake gyarawa

Shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce, ko a Turai wanda tantaninsa ya ɗaye makancewa yake yi. Likitoci na ganin ɓarakar, amma sun ɗauka ɗayewar ce ta kawo ta. Wani lokotoro na birnin Lozan a ƙasar Suwis, sunansa Jules Gonin, shi ya ce a'a, ɓarakar ce mafari, a toshe ta tantani zai kwanta. Ya riƙa auna daidai inda take, ya bi ta bayan ido da bakin ƙarfe mai zafi ya ƙone wurin. Kusan sakiya ke nan, amma ta wanda ya shekara da shekaru yana nazarin ido. Da farko abokan aikinsa ba su yarda ba. Sai a 1929, a babban taron likitocin ido na duniya a Amsterdam ta ƙasar Holan, suka sallama masa.

Bayansa sai wani Bajamushe, sunansa da wuyar faɗi, Meyer-Schwickerath. A 1945 an yi husufin rana a Turai. Wasu suka tsura wa rana ido, ta ƙone musu tantani, ta bar tabo. Da ya duba idanunsu sai ya yi tunani. In haske na iya yin tabo a inda ba a so, ai ana iya sa shi ya yi a inda ake so. Ya kafa madubai a kan rufin asibiti a birnin Hambur, yana tattara hasken rana yana kai shi cikin idon majinyaci. A 1949 ya yi nasara. Matsalarsa ɗaya, garinsu gajimare ya yi yawa, sai a shirya majinyaci rana ta ɓuya. Da a Tawa yake da bai sha wannan wahala ba. Daga baya aka ƙera fitila mai ƙarfi ta maye gurbin rana. A 1960 kuma aka ƙago hasken lazer a Amurka, shi ake aiki da shi yau. Ku kuma riƙe darasin mutanen 1945. Husufi irin wanda ya ratsa ƙasarmu a watan Maris na 2006, ba a kallonsa da ido tsirara.

To ga abin da za ka tarar. Lokotoron ido zai ɗiga maka magani don ƴar ƙofar nan ta buɗe sosai. Ka jira kamar rabin awa. Sa'an nan ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe gilashi, ya leƙa ciki, yana ce maka dubi sama, dubi ƙasa, dubi dama. Wani lokaci ya ɗan danna fatar ido don ya ga can gefe. Ido biyu zai duba. Wanda ya haska maka tocila daga waje kawai ya ce ba kome, bai ga tantani ba tukuna. Maganin ɗigawar zai sa gani ya yi hazo, rana ta dame ka awa 4 zuwa 6. Kada ka tsorata, yana wucewa. Amma kada ka tuƙa babur ran nan, ka zo da ɗan rakiya.

In ya ga ɓaraka, sai ya ɗiga maganin kashe zafi, ya zaunar da kai gaban na'ura. Ba wuƙa, ba ɗinki, ba a sa ka barci. Za ka ga haske na walƙawa, wani lokaci ka ji ɗan tsira kaɗan. Yana yin ƴan ƙananan ɗige-ɗige na ƙuna kewaye da ɓarakar, layi biyu ko uku. Ɗigon nan in sun warke sai su zama tabo, tabon ya liƙe tantani da bango. Kamar yadda tela ke daje bakin ɓula don kada ta ci gaba. Ɓarakar na nan, amma ruwa ba shi da hanyar wucewa. In wurin ya yi gefe da yawa, ko jini ya tare haske, akwai wata dabara ta sanyi. A ɗora bakin wani ƙarfe mai sanyin gaske a bayan ido, sanyin ya yi tabo kamar yadda zafi ke yi. Bayan gyaran nan, waɗanda tantaninsu ke ɗayewa ba su kai 5 cikin 100 ba.

Tabon ba ya kamawa ran nan. Yana son kwana 10 zuwa 14. Cikin kwanakin nan a bar faskare, da daka, da jan guga mai nauyi, da kokowa, da sukuwa a kan doki, har sai lokotoro ya ce a koma. Ƙudajen da kake gani ba za su tafi don an yi lazer ba. A hankali suke dushewa, cikin watanni, har ka manta da su. Kuma ranar da aka rubuta maka ka dawo, ka dawo. Ruwan bai gama janyewa ba, yana iya yaga wani wuri dabam cikin makonnin farko. Ko wanda aka duba aka ce ba ɓaraka, in alamu suka ƙaru ya koma, kada ya ce ai an riga an duba ni.

In tantani ya riga ya ɗaye, lazer kaɗai ba ta isa. Sai ɗakin aiki. Ko a ɗaura wa ƙwayar ido wata ƴar ɗamara ta roba daga waje, ko a shiga ciki a zuƙe ruwan, a cika idon da iska ta musamman ko wani mai, don ya danne tantani ya kwanta. Bayan haka mutum na iya yin kwanaki yana kife da fuska yadda aka umurce shi. Mai iska a ido ba ya shiga jirgin sama sai ta ƙare, maniyyata aikin hajji su lura da wannan. Mai kuma sau da yawa sai an sāke wani aikin an cire shi. Cikin 10, ana samun 8 ko 9 tantaninsu ya kwanta a aikin farko, amma yawan ganin da zai dawo ya danganta da kwanakin da aka ɓata. Masu irin wannan aiki ƙalilan ne, a manyan birane suke, kuɗinsa kuma ya ninka na lazer sau da yawa.

In abin ya same ka

Na san nisa. Na san kuɗin mota, na san damina ba ta jira. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Amma ku auna. Gona ta kwana uku ba noma, maƙwabta na iya taimakawa. Makaho kuwa shi da ɗan jagoransa, mutum biyu ke nan gida ya rasa, kuma galibi yaron da ya kamata ya tafi lakwal shi ke riƙe sanda.

Ran da ka ga alama, ran nan za ka tashi, in dare ya yi to da asuba. Ka je gidan likita mafi kusa. Kada ka ce wa majo idona ke ciwo kawai, don zai duba ya ga ba ja, ya ba ka magani ka koma. Ka faɗa masa dalla-dalla. Wane ido ne. Wace rana abin ya fara. Walƙiya ce, ko ƙudaje, ko inuwa, kuma daga wane gefe. Ka faɗa in an taɓa yi maka aikin yana, ko ka sha bugu, ko kana da suga ko emasi. Ka ce kana tsoron retin ce. Ka roƙi takardar da za ta kai ka wurin lokotoron ido a babban asibitin jiha, Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Ba kowane asibiti ke da na'urar lazer ba, amma lokotoron ido ya san inda take, shi zai tura ka.

Wanda ya iya rubutu cikin gida ya rubuta ranar da abin ya fara a ƴar takarda, don tsoho na iya ruɗewa gaban lokotoro. A haɗa da tsohon karne na asibiti, da gilashin da yake sawa, da duk kwalbar maganin da aka riga aka ɗiga masa, ko ta kasuwa ce, kada a ɓoye. In kun isa kun tarar da layi mai tsawo, ku gaya wa mai karɓar takardu cewa inuwa ce ke rufe ido tun jiya ko shekaranjiya. Masu aikin ido sun san wannan ba ya jiran layi. A tafi da guzurin kwana biyu ko uku, don mai yiwuwa daga can a ce ku wuce gaba.

Yanzu wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.